Ra'ayin Alƙali Cikin Shari'ar Kisan Kai: Sharhi a Kan Sashe na 222 na Final Kod

Maƙasudin wannan takarda shi ne a sake duba wata magana da aka daɗe ana karantar da ita ga ɗaliban shari'a har ta zama kamar ba ta bukatar hujja. Maganar ita ce wai tun da aka tattara dokokin laifuffuka cikin kundi guda, aka ba kowane laifi lamba, aka yanka masa horo, to an rufe ƙofar son zuciya da ra'ayin alƙali, sai abin da takarda ta faɗa. Ni dai ban gamsu da wannan magana ba. A ganina kundin ya ɗauke ra'ayi daga inda kowa yake ganinsa ne, ya kai shi cikin waɗansu 'yan kalmomi inda ba a lura da shi. Zan kafa hujjata da sashe guda na kundin laifuffuka na Jihar Arewa na 1959, wanda aka fi sani da Final Kod, watau sashen da ya yi magana a kan kisan da mutum ya yi bayan an tsokane shi. Lambobin da zan ambata na kundin asali ne, domin waɗansu jihohi, kamar Kaduna a 2017, sun yi wa nasu kwaskwarima.

Yadda aka zo ga kundin

Ba za a fahimci wannan sashe ba sai an koma ga shari'ar Tsofo Gubba da En'e ta Gwandu ta 1947. Kotun Sarkin Gwandu ta sami mutumin nan da laifin kashe wanda yake neman matarsa, ta kuwa yanke masa hukuncin kisa bisa mazhabar Malikiyya, wadda a wurinta fushi ba ya mayar da kisan ganganci ya koma wani abu dabam. Da ƙara ta je Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma, sai joji-jojin suka ga cewa da a ƙarƙashin Kiriminal Kod na Turawa aka yi shari'ar, tsokanar da aka yi masa ta isa ta sauke laifin daga wanda ake kisa a kansa. Suka soke hukuncin. Sarakuna da alƙalan Arewa ba su ji daɗin wannan ba ko kaɗan, kuma shekaru goma da suka biyo baya an yi su ne ana gyaran doka ana warwarewa, har zuwa shari'ar Maizabo da En'e ta Sakkwato a 1957, inda Kotun Ƙoli ta Tarayya ta ce kotun alƙali tana iya bin Malikiyya wajen shari'a, amma horon da za ta yanke kada ya wuce wanda Kiriminal Kod ya tanada a kan wannan aiki. Ma'anar wannan kuwa ita ce dole alƙali ya binciki tsokana, abin da littattafansa ba su umurce shi da bincikawa ba.

A 1958 gwamnatin Sardauna ta gayyato kwamitin masana shari'a ƙarƙashin Sayyid Muhammad Abu Rannat, Babban Jojin Sudan, tare da Mai Shari'a Muhammad Sharif daga Pakistan, da Farfesa Anderson daga Landan, da Shettima Kashim, da Peter Achimugu, da Malam Musa Babban Alƙalin Bida. Shawararsu ce ta haifi Final Kod, wanda ya fara aiki ran 30 ga Satumba 1960. An ɗauko shi daga kundin Sudan na 1899, shi kuma daga kundin Indiya na 1860 wanda Macaulay ya tsara. Saboda haka tsokanar da ta tada ƙura a Gwandu ita ce ta dawo ta ƙofar gaba, ta zauna a sashe na 222.

Abin da sashen ya ce da abin da ya bari

Sashe na 221 ya tanadi hukuncin kisa ga wanda ya kashe rai da niyya, ko yana sane cewa mutuwa ce abin da aikinsa zai fi haifarwa. Sashe na 222, ƙaramin sashe na ɗaya, ya cire wanda ya yi kisan a lokacin da tsokana mai tsanani, kuma ta ba-zata, ta raba shi da ikon mallakar kansa. Irin wannan sashe na 224 ne ya hau kansa, watau ɗaurin rai da rai, ko abin da ya gaza haka, ko tara, ko duka biyu. A lura da faɗin wannan fili. Tsakanin igiyar rataya da biyan tara babu abin da ya raba sai amsar tambayoyi uku: shin tsokanar mai tsanani ce, shin ta ba-zata ce, shin ta raba shi da ikon mallakar kansa? Kundin bai ba da ma'aunin ko ɗaya daga cikinsu ba. Sashe na 38 ya faɗi tsokanar da ba a karɓa, kamar wadda mutum ya jawo da kansa don ya sami hanyar aikata ɓarna, ko wadda ta taso daga ma'aikacin hukuma yana bakin aikinsa na halal. Amma abin da ake nufi da tsanani an bar shi a hannun mai yanke hukunci. A Ingila ana miƙa wannan tambaya ga mutane goma sha biyu daga cikin jama'a. A kotunanmu na Arewa kuwa mutum ɗaya ne yake amsa ta, shi kaɗai, a kan kujerarsa.

Masu kare kundin za su ce ai akwai ma'auni, shi ne mutum mai hankali: a tambaya ko abin da aka yi wa wanda ake tuhuma zai sa mutum mai hankali ya fita hayyacinsa. To, a nan ne gizo yake saƙa. Wannan mutum mai hankali ba a taɓa kiransa shaida ba, ba a taɓa rantsar da shi ba, ba shi da gari, ba shi da unguwa. Alƙali ne yake ƙera shi a zuciyarsa kowace rana, kuma abin da ya fi sauƙi shi ne ya ƙera shi da kamanninsa.

Tarihin shari'o'in ya nuna haka ƙarara. A Ingila, a shari'ar Holmes ta 1946, Majalisar Dattawa mai yanke hukunci ta ce furucin mace ga mijinta cewa ta ci amanarsa bai isa tsokana ba. A shari'ar Bedder ta 1954, saurayi ɗan shekara 18 da ba shi da ƙarfin namiji ya kashe wata karuwa da ta yi masa ba'a a kan haka, aka ce mutum mai hankali lafiyayye ne, don haka ba za a auna zafin ba'ar da lalurar saurayin ba. Sai a 1978, a shari'ar Camplin, inda yaro ɗan shekara 15 ya kashe wani magidanci da ya yi lalata da shi, aka yarda a yi la'akari da shekaru da jinsin wanda ake tuhuma. Cikin shekara talatin da biyu mutum mai hankali ya sāke kama har sau biyu, a ƙasa ɗaya, a kotu ɗaya.

A Nijeriya kuwa joji-jojin Turawa sun riga Ingila sassautawa, amma dalilin da suka bayar shi ne abin dubawa. A shari'ar Adekanmi ta 1944, mutum ya kashe matarsa bayan ta yi masa gori da rashin ƙarfin namiji, ta kuma ce tana tarayya da waɗansu maza. Kotu ta karɓi tsokana, bisa hujjar cewa shi baƙauye ne da bai yi karatu ba, kuma irinsa sun fi wayayyu saurin hasala. A shari'ar Igiri ta 1948, inda matar ta haɗa gori da tofa wa miji yawu a fuska, an bi wannan hanya. Waɗannan an yi su ne ƙarƙashin Kiriminal Kod, amma hankalin da ke cikinsu ya bi joji-joji zuwa Arewa. An tsirar da wuyan mutum, gaskiya ne, amma da raini aka tsirar da shi. Jojin bai tambayi mutanen garin ko miji mai hankali a cikinsu yakan sari matarsa da adda saboda gori ba. Da ya tambaya, da dattawan garin sun gaya masa cewa ana yin gori kullum, kuma yawancin maza ficewa suke yi daga gidan, ko su kai ƙara wurin iyayenta, ko su sake ta. Abin da ya auna shi ne zatonsa game da baƙar fata, ya kira shi mutum mai hankali.

Shari'ar Ruma da En'e ta Daura ta 1960 ta fi kusa da mu. A nan Kotun Ƙoli ta Tarayya ta yarda cewa kiran Musulmi kare yana iya zama tsokana. Ba na musun cewa zagin yana da zafi a ƙasar Hausa. Amma wa zai ce ya fi a sheganta mutum a gaban surukansa, ko a yi masa ashar da uwarsa a tsakiyar kasuwa, ko a goranta masa bauta a asalinsa? Kowane ɗayanmu a wannan zaure yana da jerinsa, kuma jerin Bakano ba lalle ya zo daidai da na Bafulatanin daji ko na mutumin Zuru ba. Kotun Ƙolin Indiya, a shari'ar Nanavati ta 1961, wadda ta fassara uban wannan sashe namu, ta ce a auna da mutum mai hankali na ajin wanda ake tuhuma cikin jama'a. Wannan ya rage matsalar, bai kashe ta ba, domin alƙalin ne dai zai faɗi ajin, shi ne kuma zai faɗi halin mutanen ajin.

Bari in ɗan ratse. Kirk-Greene ya wallafa laccarsa a kan mutumin kirki a wurin Hausawa a 1974, inda ya lissafa halaye irin su gaskiya, da amana, da kunya, da haƙuri. Da a ce mutumin kirki ne ma'aunin sashe na 222, da babu wanda zai tsira ta wannan ƙofa, don kuwa mutumin kirki haƙuri yake yi. Ashe mutum mai hankali na doka yana ƙasa da mutumin kirki, yana kuma sama da mahaukaci da mashayi da mai baƙar zuciya. A wane mataki yake tsakaninsu? Kundin ya yi shiru, alƙali ne yake aza tsani.

Inda Malikiyya ta ajiye nata ra'ayin

Kada a ɗauka ina cewa tsarin da aka ture a 1960 ba shi da wannan matsala. Yana da ita, sai dai wurin da ya ajiye ta dabam ne. Malikiyya, kamar yadda alƙalanmu suka karanta ta a Risala da Muhtasar da Tuhfa, ta raba kisa gida biyu, ganganci da kuskure, ba ta karɓi na tsakiya ba sai a mas'alar uba da ɗansa. Wanda ya kai wa wani duka don ƙiyayya har ya mutu, ganganci ne, ko da sanda ce, ko yana cikin fushi. A nan alƙali ba ya shiga zuciyar mai kisa. Amma da zarar laifi ya tabbata, sai hukunci ya koma hannun magadan jini: su nemi ƙisasi, ko su yafe, ko a daidaita a kan diyya. In sun yafe, mai kisan ya sha bulala ɗari da ɗaurin shekara guda. Watau tambayar nan ta ko mamacin shi ya jawo wa kansa, wadda Final Kod ya ɗora wa alƙali, Malikiyya ta ɗora ta ga dangin mamacin, waɗanda suka fi kowa sanin halinsa. Akwai hikima a ciki. Akwai kuma illa, domin mai dangi masu dukiya da faɗa a ji ya fi baƙo marar kowa samun afuwa. Masu tsara dokokin 1960 sun san nauyin wannan al'ada, shi ya sa kundin bin shari'a ya umurci kotun gargajiya ta rubuta ra'ayin dangin mamaci kafin ta yanke hukuncin kisa, don a duba shi lokacin neman sassauci.

Har wa yau alƙalin Malikiyya shi yake yanke ko alamar da aka kawo ta kai lausu, wanda zai ba magada damar yin rantsuwa hamsin. Shi yake yanke ko kisa na gila ne, wanda babu afuwa a cikinsa. Shi kuma yake auna shubuha, wadda ake tunkuɗe haddi da ita. Abin da ya burge ni game da malaman fiƙihu shi ne ba su ɓoye wannan ba. Sun buɗe babi guda a kan ladubban alƙali, suka hana shi yin hukunci yana cikin fushi ko yunwa ko abin da zai dagula masa tunani, suka so ya zauna da malamai ya yi shawara. Wanda ya hana alƙali zama da yunwa ya riga ya amsa cewa cikin alƙali yana shiga cikin hukunci.

Shari'o'in da suka biyo bayan kundin shari'ar Musulunci na Zamfara na 2000 da na sauran jihohi sun tabbatar da wannan. A Oktoba 2001 kotu a Gwadabawa ta yanke wa Safiya Husaini hukuncin jefewa, a Maris 2002 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Sakkwato ta sallame ta. A Maris 2002 kotu a Bakori ta yanke wa Amina Lawal irin wannan hukunci, kotun Funtuwa ta tabbatar, sa'an nan a Satumba 2003 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Katsina ta soke, alƙalai huɗu suka rinjayi ɗaya. Cikin hujjojin da aka kafa akwai mas'alar kwantaccen ciki, wanda Malikiyya ta yarda yana iya daɗewa shekaru, har a jingina shi ga tsohon miji. Littattafan da ke gaban alƙalin Bakori su ne ke gaban na Katsina. Kundi ma akwai shi, da lambobinsa. Abin da ya bambanta shi ne wanda ya karanta, da abin da ya ga ya kai shubuha.

Kalmar ba-zata da wanda ta bari a waje

Na fi damuwa da sharaɗi na biyu, watau tsokana ta zama ta ba-zata, kuma a yi kisan kafin zuciya ta huce. A zahiri wannan kamar magana ce ta lissafin lokaci, ba ta ra'ayi ba. Amma a duba wanda ta dace da shi. Ta dace da mai ƙarfi, wanda makami yake kusa da hannunsa, wanda in an zage shi yanzu zai rama yanzu: manomi da fartanyarsa, makiyayi da sandarsa, miji a kan matarsa. Ba ta dace da mai rauni ba, wanda ba ya iya ramawa a take, sai ya haɗiye, ya ƙara haɗiyewa, wata da watanni. Matar da ta shekara biyar tana shan duka, ran nan ta jira mijin ya yi barci, doka za ta ce ta sami lokacin hucewa. Mijin da ya sare ta saboda kalma ɗaya kuwa yana cikin sashe na 222. Ga kuma sashe na 55 na kundin nan, wanda ya ce ba laifi ba ne miji ya hori matarsa in al'adarsu ta yarda, muddin bai yi mata mummunan rauni ba. Ke nan dukan da ta sha ma ba lalle a lissafa shi laifi ba, balle tsokana.

Ingila ta yi fama da wannan a shari'ar Ahluwalia ta 1992, daga baya dokar 2009 ta soke kariyar tsokana ɗungum, ta kawo ta kuɓucewar ikon mallakar kai, ta cire sharaɗin ba-zata, ta kuma hana a kafa hujja da cin amanar aure shi kaɗai. Mu da muka ara, muna nan da sharaɗin. A 2014 a Jihar Kano an gurfanar da wata yarinya 'yar shekara 14 bisa zargin sa wa mijin da aka aura mata guba a abinci, shi da waɗansu suka mutu. Guba ba ta shiga ba-zata ta kowace fuska, saboda haka sashe na 222 ba shi da abin da zai yi mata. A 2015 gwamnatin jiha ta janye ƙarar. Ikon janyewa yana hannun Atone-Janar bisa sashe na 211 na tsarin mulkin 1999, kuma ba a tilasta masa ya bayyana dalili a gaban kotu ba. Abin da kundi ya kasa aunawa sai aka auna shi a ofis, inda babu mai ɗaukaka ƙara.

Tafinta

Akwai wani mai ra'ayi da littattafai ba su cika ambata ba. A Babbar Kotu shaida yana magana da Hausa ko Fulatanci ko Kanuri, tafinta yana juyawa, joji yana rubutawa da Ingilishi. In ƙara ta tafi sama, abin da joji-jojin can za su gani shi ne wannan rubutu. Duk shari'ar tsokana kuwa a kan nauyin kalma take. In tafinta ya juya ashar da kalmar Ingilishi mai sauƙi da ke nufin zagi kawai, ya kashe tsananin. In ya juya "ɗan iska", wadda aboki yake faɗa wa aboki ana dariya, da kalma mai nauyi, ya ƙirƙiro tsananin da babu shi. Haka "zuciya ta ɗebe ni", da "raina ya ɓaci", da "ban san inda nake ba": uku ne a Hausa, kuma ta ƙarshen ce kaɗai ta yi kusa da abin da sashen yake nema, amma sau da yawa kalma ɗaya ce take wakiltarsu a takarda. Bayanin da ɗan sanda ya rubuta a caji ofis ma haka yake, ga shi kuwa a kansa ake yawan gina shari'ar.

Saboda haka abin da nake nema ga masu gyaran kundi da masu horar da alƙalai abu ne mai iyaka. A wajabta rubuta kalmomin tsokana da harshen da aka faɗe su, kusa da fassararsu, tun daga caji ofis har zuwa kundin kotu. A ba kotu dama ta ji shaidar dattawan wurin a kan nauyin zagi ko aiki a al'adarsu, maimakon joji ya ƙaddara. In joji ya ce mutum mai hankali zai yi kaza ko ba zai yi ba, ya rubuta wane mutum yake nufi, mai shekara nawa, namiji ko mace, na wane wuri, da inda ya samo wannan sani, domin kotun sama ta sami abin da za ta kama ta duba. Sharaɗin ba-zata kuma a sake masa lafazi yadda zai karɓi tsokanar da ta taru a hankali, tare da shafe sakin layin sashe na 55 da ya shafi horon mata, tun da ba zai yiwu a lissafa duka cikin tsokana ba alhali wani sashe na kundin yana halatta shi.